Fitilar tsohuwar mota: inda wuta ke ɓacewa kafin ta kai ƙwai

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Funtuwa ko ta Kano zuwa Katsina bayan sallar isha ya san motar nan mai ido ɗaya. Daga nesa sai ka rantse babur ne, sai ta matso ka ga ashe a-kori-kura ce shaƙe da buhuna, rabinta kuma a hannunka. Akwai wadda idanunta biyu duk suna ci, amma hasken ya yi ja ya mutu, direban yana lalube ne kawai da sanin hanya. Akwai kuma ta uku, wadda mai ita ya gaji da duhu ya ɗaura mata fitilun da ke kashe idon duk mai tahowa. Sau da yawa ciwo ɗaya ne ya haifi ukun nan, kuma ba a cikin ƙwan fitila yake ba.

Motocin da ke ɗauke da kasuwannin ƙauye da hanyoyin daji tsofaffi ne. Land Cruiser samfurin 70 ta fara fitowa a 1984, samfurin 80 kuma a 1990. Fijo 504, wadda kamfanin PAN na Kaduna ya shafe shekaru yana harhaɗawa bayan buɗe shi a 1975, har yau ana ganin a-kori-kurarta tana jigilar hatsi. Tsofaffin Hilux da Patrol da Pajero ma haka, daga Gusau har Agadas. An sauke injinansu an gyara, an sake giya, an yi fenti ba sau ɗaya ba. Abin da ba a taɓa sakewa ba shi ne wayoyi. Wayar da ta bar masana'anta shekara talatin da suka wuce ita ce har yanzu ke kai wuta gaban mota, bayan ta sha zafin inji, ta sha ƙurar hunturu da ruwan damina, ta kuma sha hannun duk wanda ya taɓa yanka ta ya jona rediyo ko ƙararrawa.

Idan haske ya ragu, abin da direba ke faɗa a gareji bai cika wuce jimla ɗaya ba: "Maigida, ƙwan nan ya yi sanyi, a sa mini mai ƙarfi." Ƙwan halojin kuwa bai cika yin sanyi haka kawai ba. Yakan ɗan dushe idan ya tsufa, amma yawanci yana ci ne har ranar da zarensa zai tsinke. Abin da ke raguwa shi ne wutar da ke isa gare shi.

Lissafin da ya kamata direba ya sani

Ƙwan da ya fi yawa a irin waɗannan motoci shi ne H4, mai ƙafa uku da zare biyu a ciki: na dim mai wat 55, na ful mai wat 60. Kowane ƙwai yana jan kusan amfiya 5, na dama da na hagu a haɗe kusan 10. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna bolt 12.6, idan inji na aiki kuma altaneta na ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4.

Halin wannan ƙwai shi ne ba ya yafe ragi. Idan ƙarfin wutar da ke zuwa masa ya ragu da kashi 10 cikin 100, hasken da zai bayar yana faɗuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan ragin ya kai kashi 15, kusan rabin hasken ya tafi. Wato motar da altanetarta ke ba da bolt 14, amma 12 ne ke isa ƙwai, tana tafiya da rabin idonta ne, alhali batir lafiya, ƙwai sabo, fis bai tsinke ba. Mai mota ya duba duk abin da ido ke gani bai ga laifi ba.

Ina bolt biyun suka shiga? Wuta tana tashi daga batir ta bi babban fis, ta shiga makunni ko rile, ta ratsa ƙaramin fis, ta bi sandar da ke zaɓar dim ko ful, ta isa soket ɗin bayan fitila, sannan ta koma batir ta ƙarfen jikin mota. Kowace mahaɗa a wannan tafiya wuri ne da tsatsa za ta iya zama. Nan a ci ɗan kaɗan, can a ci ɗan kaɗan. Abin da aka ci kuma zafi yake komawa: bolt 2 a kan amfiya 10 wat 20 ke nan, a tattare a bakin soket ɗaya ko cikin makunni. Shi ya sa ake ciro soket daga bayan fitila a tarar robarsa ta narke ta yi baƙi. Zafi yana sassauta ƙarfen da ke riƙe ƙafar ƙwai, sassaucin yana ƙara zafi, haka suke ciyar da juna har ranar da fitila za ta ɗauke a tsakiyar hanya.

Abin da alamu ke faɗa

Ƙwararren mai wayarin ba ya fara da almakashi. Tambaya yake farawa da ita, kuma amsar takan rage masa rabin aiki. Gefe ɗaya ne ko biyu? Dim ne, ful ne, ko duka? Kullum ne, ko sai an shiga gargada?

Idan dim ɗin gefe ɗaya ne kawai ya mutu ful yana ci, galibi zare ne ya tsinke. A musanya ƙwan dama da na hagu: idan matsalar ta bi ƙwai, magana ta ƙare. Idan gefe ɗaya ya mutu dim da ful gaba ɗaya, sai a duba abin da zaren biyu suka yi tarayya a kai, wato soket, da wayar ƙafa ta uku, da fis ɗin wannan gefe a motocin da suka raba wa dama da hagu fis. Idan dim ya mutu a gefe biyu ful kuma garau, ana zargin sandar sitiyari, amma kafin a kwance ta a duba ƙwayayen, don ya sha faruwa ɗaya ya mutu tun watanni direba bai lura ba sai da na biyun ya bi shi. Idan kuwa komai ya ɗauke, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi: a jawo sandar kamar za a yi wa na gaba sigina da ful. A motoci da yawa wannan jan yana tsallake makunnin fitila. In haske ya zo, ƙwai da fis da babbar waya sun kuɓuta, zargi ya koma kan makunni.

Akwai alamar da ke rikita sababbin hannu. Fitila ɗaya ta yi jaja-jaja, ka leƙa ka ga zaren biyu duk suna ɗan ci a lokaci guda, wani lokaci har shuɗiyar alamar ful a dashbod tana ɗan haskawa alhali a dim ake. Wannan aikin wayar bodi ne, wadda ke mayar da wuta jikin mota. Wuta ta shiga ƙwai ta rasa hanyar komawa, sai ta ratsa ta ɗaya zaren ta tafi neman mafita ta fitilar ɗaya gefen. Motar da ta fito daga wurin mai gyaran jiki da fenti ta fi kowa kamuwa da wannan, domin an fesa fenti a inda kan wayar ke kwanciya, aka ɗaure noti a kan fentin. Haka ma motar da aka sauke wa inji aka manta da kakkaurar wayar da ke haɗa inji da jiki. Maganin sanfefa ne, a goge har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau, a shafa giris a kai don kada ruwa ya koma.

Fitilar da ke ƙara haske sosai idan an taka totur, ta dushe idan an saki, tana nuna wajen caji ne: bel ya yi sako-sako, ko kan batir ya yi gishiri, ko altaneta ta gaji. Wadda kuma ke cinye ƙwai duk bayan 'yan makonni, a auna batir inji na gudu. Idan ya haura bolt 15, altaneta na wuce gona da iri, kuma ƙarin kashi 5 cikin 100 kacal yana rage kwanan ƙwai da kusan rabi. In caji daidai ne, sai a duba ko fitilar tana rawa a mazauninta, ko ruwa na shiga, ko yaron gareji na kama gilashin ƙwai da hannu mai maiƙo.

Awo wuta tana ci

A nan ne nake ganin aka fi yin asarar kuɗi da lokaci. Mai gyara zai zare soket daga ƙwai, ya ɗora mita, ya ga bolt 12 da ɗoriya, ya ce wuta tana zuwa, ke nan laifin ƙwai ne. A sa sabo, a ga babu canji.

Mitar ba ta yi ƙarya ba, tambayar da aka yi mata ce ba daidai ba. Bututun famfon da tsatsa ta kusan toshewa, in ka rufe kansa, ruwa zai taru ya cika shi da ƙarfi kamar lafiyayye. Sai ka buɗe za ka ga ɗigo yake yi. Mita ba ta jan wutar kirki, don haka ko silin waya ɗaya ne ya rage bai tsinke ba, za ta nuna cikakken lissafi. Tastar da ke da ƙwai a ciki ta ɗan fi, tunda tana jan wani abu, amma wat 2 ko 3 ɗinta bai kama ƙafar wat 55 ba.

Awon da ke fitar da gaskiya ana yin sa ne soket na jone, fitila na kunne, inji na aiki. A ɗora jan bakin mita a kan batir wajen alamar tarawa, baƙin kuma a zura shi ta bayan soket ya taɓa wayar da ke kawo wuta. Lambar da ta fito ita ce abin da ya ɓace a hanyar zuwa. In ta wuce rabin bolt, akwai gyara. Daga nan a auna tsakanin wayar komawa da ɗaya kan batir ɗin. A nan bai kamata a ga fiye da 0.2 ba a motar da wayar bodinta ke kusa da fitila. Gefen da ya nuna babbar lamba, sai a bi shi mahaɗa bayan mahaɗa: gaban fis da bayansa, shigar rile da fitarsa, shigar makunni da fitarsa. Inda lambar ta yi tsalle, nan ɓarnar take. Aikin ba ya cin rabin sa'a, kuma ba a yanka waya ko ɗaya ba.

Ga matsalar da ke zuwa tana tafiya, a bar fitila a kunne a riƙa girgiza damin wayoyi da hannu, daga bayan fitila zuwa inda suka ratsa bangon da ya raba inji da cikin mota, har ƙarƙashin sitiyari. Yatsa ma ma'auni ne: fis ko soket ko rilen da ya yi zafin da ba ka iya riƙewa bayan minti biyar ya riga ya faɗi laifinsa. A motar da ke kwana kusa da rumbu ko shagon hatsi kuma, kada a cire ɓera daga lissafi.

Juyayyen tsarin Toyota

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, tunda Toyota ce ta fi yawa a hannun mutanenmu. A yawancin motoci, ƙafa ta ukun ƙwai tana ɗaure da jikin mota, makunni kuma yana aiko wuta ga zaren dim ko na ful. Da yawa daga tsofaffin Land Cruiser da Hilux sun juya abin. Da an kunna fitila, rile yana aika wuta ta fis biyu, na dama da na hagu, galibi masu amfiya 10, zuwa ƙafa ta ukun. Sandar sitiyari ita ke zaɓar zaren da za a ba hanyar komawa bodi.

Wanda bai san haka ba zai sha mamaki. Zai ɗora tasta ya ga wuta a ƙafa biyu, ko a duka ukun in sandar ta lalace, ya ce wayoyi sun haɗe. Ko ya ga fitila ta yi sanyi ya ce bari ya ƙara mata bodi, ya ja waya daga ƙafa ta ukun ya ɗaure a jikin mota: nan take fis ya tashi, in kuma an riga an naɗe fis ɗin da waya, dami ya kama hayaƙi. A irin wannan mota hanyar komawar doguwa ce, daga fitila har cikin sitiyari, ta ratsa 'yan ƙananan haƙoran sanda da ke ɗaukar wutar fitila biyu, sannan ta sauka a noti ƙarƙashin dashbod. A can ake samun asarar, ba a gaban mota ba. Haka kuma a wasu samfuran shuɗiyar alamar ful tana samun wutarta ne ta cikin zaren dim, shi ya sa takan daina ci idan an canza tsarin ko an sa wani irin ƙwai.

Tsofaffin a-kori-kurar Amurka kuwa, irin su Ford, nasu ciwon daban ne. Duk wutar fitila tana bi ta makunnin dashbod, wanda ke da abin katse wuta a ciki idan ya yi zafi. Idan ya tsufa sai fitila ta riƙa ɗaukewa tana dawowa da kanta ana cikin gudu. Makunnin dim da ful nasu ma a ƙasa yake wajen ƙafar hagu har zuwa farkon shekarun 1990, inda laka da ruwa ke cin sa.

Fis da abin da ake yi masa

Fis ba ya tsinkewa don mugunta. An yi shi ne ya mutu kafin waya ta ƙone, kuma launinsa yana faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya cire ja ya sa kore, ko ya naɗe ƙafafun da silin waya ko takardar kwalin sigari, ya mayar da wayar motar ce fis. Ita kuma idan ta tashi ƙonewa, a cikin dami take, tare da wayoyin caji da na kunna inji, kusa da tiyon mai. Ina ganin babu wani gyara a gareji da ya kai wannan rashin tausayi, domin mai mota zai biya ya yi godiya ya tafi bai san abin da ya ɗauka ba.

Neman inda waya ta goge ta taɓa ƙarfe ba ya buƙatar a ƙona fis goma. A zare ƙwayayen fitila, a jona wani ƙwai a gurbin fis ɗin da ke tashi. Muddin wayar na taɓa jiki, ƙwan zai ci da haske sosai, kuma shi zai tare wutar kada ta yi ɓarna. Sai a bi dami ana ɗagawa ana girgizawa. Inda ƙwan ya mutu, nan ne. An fi samun wurin a gefen lagireto, ko ƙarƙashin mazaunin batir inda ruwan batir ke zuba, ko ramin da robar da ke kare waya ta faɗi.

Ƙwai mai ƙarfi da gyaran gaskiya

A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, da ka ce fitila ba haske za a miƙo maka H4 mai wat 100 da 90. Kowane ɗaya yana jan fiye da amfiya 8, a wayar da aka auna wa 5. Asarar da ke hanya tana ƙaruwa daidai da wutar da ake ja, zafin kuma ya fi haka ninkuwa. Ƙarshenta ƙwan mai wat 100 yana samun wutar da ta fi ta da ƙaranci, soket ya narke, sandar sitiyari ta ƙone, kwanon fitila ya dushe. Fararen ƙwayayen zamani na LED ba sa jan wuta da yawa, wannan gaskiya ne, amma kwanon tsohuwar fitila an ƙera shi ne a kan zare ɗaya siriri da ke zaune a wuri ƙayyadadde. Ƙwan da haskensa ke fitowa daga wani wurin daban yana watsa shi sama da gefe. Direba yana ganin fari fat a gaban bonet yana jin daɗi, nesa kuma babu abin da ya ƙaru, mai tahowa ne ya makance. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, tun kafa ta a 1988, ta sha jan kunne kan tafiyar dare, amma mai kayan gwari da mai dabbobi ba su da zaɓi, dare ne lokacinsu.

Gyaran da ke dawo da haske ba tare da cutar kowa ba shi ne a gajarta wa wuta hanya. A kafa rile biyu kusa da batir, ɗaya na dim ɗaya na ful, da fis a jikin wayar tun daga kan batir, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ta jan ƙarfe na gaske, ba alminiyum da aka shafa wa ja ba, wanda ake ganewa idan an kankare shi ya yi fari. Ƙafafun rile suna da lambobi iri ɗaya a ko'ina: 30 daga batir, 87 zuwa fitila, 85 da 86 kuma su ne tsohuwar wayar mota za ta riƙa taɓawa. Daga ranar, makunni da sanda ba sa ɗaukar fiye da ɗan abin da bai kai rabin amfiya ba, ƙwan wat 55 kuma yana samun kusan duk abin da altaneta ta bayar. A Toyota mai juyayyen tsari sai an jona 85 da 86 tsakanin ƙafa ta uku da wayar dim ko ful, ba jikin mota ba. Kowace mahaɗa a matse ta da kan waya ko a sa mata dalma; murɗawa da hannu a naɗe da salatif ita ce matsalar baɗi.

Manyan motoci da wasu Land Cruiser masu dizal suna aiki da bolt 24, batir biyu a jere, ƙwansu kuma H4 mai wat 75 da 70 ne, rilensu ma na 24. Jan wutar 12 daga batir ɗaya don ƙarin fitila yana sa ɗaya ya riƙa ramewa ɗaya yana cika fiye da kima, a rasa su biyun.

Bayan wuta ta dawo, saura saiti. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, da irin kayan da ta saba ɗauka, domin a-kori-kurar da bayanta ya zauna hancinta sama yake kallo. Layin saman hasken dim ya kamata ya sauka ƙasa da tsayin tsakiyar fitilar da santimita 10 zuwa 15. A kuma lura da ɓangaren da hasken ya ɗaga. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilun 1972, don haka fitilar da ta dace da hanyoyinmu da na Nijar tana ɗaga haske ta dama, wajen gefen titi, inda masu tafiya a ƙasa da shanu suke. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan ta hagu take ɗagawa, kai tsaye cikin idon mai tahowa, kuma babu notin saitin da zai gyara wannan sai an sake ta.